Hawa na Biyu, Unguwar Bonfim

Benedita ta rubuta mini sharuɗɗan a bayan takardar kuɗin wuta:
shaidar albashi ta wata uku,
kuɗin ajiya na wata biyu,
wanda zai tsaya wa mutum, da lambar wayarsa.
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshen.
"Baba, bar duban fuska, dubi takarda.
Wancan da ya gudu da hayar wata bakwai,
ai murmushinsa ne ya ci ka."

Gaskiyarta. Har labule ya kwance ya tafi da shi.

Ranar Asabar na goge matakala,
talatin da ɗaya, gwiwata ce ta ƙirga.
Na buɗe tagar da in ka miƙa wuya sosai
za ka hangi kogin Douro, siriri kamar bakin wuƙa,
tsakanin rufin maƙwabta.

Na farko da awo ya zo a aljihu,
yana gwada bango, yana lissafin gadaje.
'Yan yawon buɗe ido zai riƙa zubawa, kwana bibbiyu.
Na ce ɗakin da uwata ta cika a cikinsa
bai zama tasha ba tukuna.
Sai ɗalibai uku, ɗayansu na dariya ba dalili.
Sai miji da mata da kare mai tari,
suna musu ƙasa-ƙasa
kan wanda ya manto takardar banki.

Ƙarfe huɗu Odete ta hawo,
riƙe da hannun yaro mai giɓi, Tomé.
Kifi take gyarawa a Matosinhos.
Ta wanke hannu da lemon tsami, na ji,
amma teku ba ya jin wanki.
Famfon kicin yana ɗiga, shekara biyu ina fama da shi.
Ba ta ce uffan ba,
ta murɗa shi hagu kaɗan, sannan dama,
ya yi tsit.

Albashi? Ta miƙo na wata biyu,
na ukun a hannu aka biya ta.
Wa zai tsaya miki?
Ta dubi yaron, ta dubi taga.
"Ni ce mai tsaya wa kowa, Senhor Custódio."

Ubana ya gangaro daga duwatsun arewa
da akwatin kwali ɗaure da igiya.
A ƙofar nan Dona Graciete ta ce ya buɗe tafin hannunsa.
Ta ga kanta, ta ba shi makulli.
Shekara ashirin yana biyan haya kafin ya sayi gidan.
Labarin ya zo mini har bakin leɓe.
Abin da ya fito shi ne, "Zan kira ki."

Dab da rufe ƙofa injiniya Gaspar ya iso,
takardu a jere cikin jakar roba,
har da wasiƙar yabo daga tsohon mai gidansa.
Na karanta wa Benedita a waya, ta ce, "Wannan."
Kada in ɗora mata, ni ma na ce wannan.
Rufi na yoyo, gwiwa na neman likita,
wanda maciji ya sara kuwa, kun san yadda yake da tsumma.

Yanzu ran ɗaya ga wata kuɗi na shiga
tun kafin kofina ya huce.
Gaspar na aiki a Hamburg, sai ya yi wata uku bai leƙo ba.
Ba ƙorafi, ba kiɗa, ba jan kujera,
ba gudun yaro a saman kaina.

Famfon ya koma ɗiga.
Yarjejeniya ta hana ni shiga ba da izini ba,
don haka nakan kwanta ina saurarensa ta cikin silin,
yatsuna na murɗa iska, hagu kaɗan, sannan dama.

Lambar Odete na nan a bayan takardar wutar,
ƙasa da layi biyun Benedita.
An shiga wata na biyar.